Barkono a Lagireton Hajiya Jimmai

"Ni fa duk abin da ake kira lagireto, da ya ji takuna yake shiga taitayinsa!"

Ma'aruf ke nan, abokina, wanda muke kira Injiniyan Panteka. Kada sunan ya ruɗe ka. Wata uku ya taɓa yi a garejin wani makanike a Kaduna, shi ma wanke noti aka sa shi. A nan Greensboro ta Amurka kuwa kwali yake ɗauka a sito, amma in ya fara cika baki sai ka rantse shi ya ƙera jirgin da ya kawo mu.

Ranar na raka shi unguwar Glenwood, gidan Hajiya Jimmai, uwar Suwaiba da yake mutuwar so. Kawunnan Suwaiba uku sun zo daga Summerfield don su ga mai neman auren, su yanke hukunci. Gidan tsoho ne, irin wanda tukunya ke dafa ruwa a ƙasa, tururi ya bi bututu ya ɗumama lagireton ƙarfe a kowane ɗaki. Na falo ya yi sanyi ƙalau, kawunnai sun duƙunƙune cikin riguna.

"Na kira landlord, ya ce sai Monday," in ji Hajiya.

"Monday? Ina raye? Mama, a ba ni guduma."

Na taka masa ƙafa, ya ture ni. Ya hau ƙarfen nan da duka har fenti ya zube, lagireto ko gezau. Sai ya ji na ɗakin Hajiya yana huci ta wani ɗan kan ƙarfe da ke gefensa.

"Yauwa! Leaking ne. Duk zafin ta nan yake gudu, shi ma na falon haka yake yi a ɓoye."

"Ma'aruf, tun da muka shigo gidan nan haka yake yi," in ji Suwaiba. "Normal ne."

"Ke dai tsaya ki ga aiki. A Kaduna in lagireton mota na yoyo, barkono muke zubawa, ya toshe kafar tsaf. Mama, akwai dakakke?"

Akwai kuwa, mai uban zafi, wanda aka kawo mata daga Kano. Gogan naka ya kwance kan ƙarfen na falo da filaya, ya naɗe takarda ya yi mazurari, ya ɗura rabin gwangwani. Wajen mayarwa ya murɗe shi a karkace, ya ƙi zama. Ya ɗaure da leda. Can ƙasa ya ga wani mamurɗi ya tokare masa gwiwa, ya juya shi don ya samu wurin durƙuso. Ashe shi ne mai buɗe wa tururi hanya, a rufe yake tun farko, duk ciwon ke nan. Ya miƙe ya ƙure ma'aunin zafi na bango.

"Alhazai, a cire riguna."

Minti biyar ƙarfe ya fara ƙwanƙwasa. Ma'aruf ya dubi Suwaiba ya ɗaga gira. Sai ji muka yi fau! Leda ta tashi, tururi ya feso ja wur.

Wallahi ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin na babban kawu ba. Atishawa ta cire masa hula, bai waiwaya ba. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, muka yi waje muna tari, babu takalmi, cikin sanyin Janairu. Ɗaliban da ke haya a maƙwabta suka fito suna ɗaukar mu a waya. Ni kunya ta kashe ni, na yi kamar wucewa nake.

'Yan kwana-kwana suka shiga da abin rufe fuska, suka kashe tukunyar. Babbansu ya fito yana tambayar wa ya yi wannan aiki.

"Da an bari ya kai minti goma," in ji Ma'aruf, majina har haɓa, "da ya toshe."

Hajiya ta share idanunta da suka yi jajur, ta dubi ƙannenta uku suna zubar da hawaye a bakin titi, ta dubi Suwaiba da kwalli ya gangaro mata har wuya.

"Ma'aruf," ta ce, "na sha ganin mijin da ya sa matarsa kuka bayan aure. Amma wanda ya sa dangi kaf kuka tun daga gaisuwa, sai kai. Miƙo min filayata, ka gaida gida."