Ranar da Na Yi wa Filo Kuka

Ba zan taɓa iya mantawa da zuwan 'yan fim ƙauyenmu a Zoza ba, ko na so in manta mutanen gari ba za su bar ni ba. Kafin ranar, ni ne shugaban masu yi wa mutane dariya a gidan kallo. Da an zo wurin da uwa ke rungume da gawar ɗanta, ko inda ake raba masoya a tashar jirgi, sai in juya ina leƙen fuskokin samari, ina neman wanda idonsa ya kawo ruwa in tona masa asiri. Nakan ce, “Haba, albasa fa suka shafa!” Taƙamata ita ce ba a yi fim ɗin da zai sa ni hawaye ba, na Indiya ne ko na gida.

Ai ko rasuwar mahaifina ban yi kuka ba. Ina Legas wajen nema aka bugo mini da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ko Ibadan motarmu ba ta kai ba. Na iso washegari na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Na zauna ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, idona a bushe ƙamas. Dattawa suna yaba dauriyata, ni kuma (Allah ya yafe mini) har wani daɗi nake ji. Inna ce kawai ba ta yaba ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle mu zauna mu yi zancen zuci. Amma da kunnena na ji tana ce wa ƙanwarta, “Yaron nan ko a jikinsa. Kamar baƙo aka binne.” Maganar ta soke ni, na haɗiye. Tun daga nan gaisuwar safe kaɗai ke haɗa mu, ita ma idan za ta amsa wani wurin take kallo.

Bayan an cire gyaɗa sai ga 'yan fim daga Kano, suna neman mutanen da za su cika taron jana'iza. Liman ya hana su makarar masallaci, ya ce ba abin wasa ba ce. Sai suka haɗa tasu da gwangwala, suka jera filo da buhun ƙaiƙayi, suka naɗe da farin yadi, aka rufa tabarma. Ni kuwa na ɗauko shaddar sallah, na sha turare, na ƙwama tabarau. Darakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, jana'iza ce fa, ba ɗaurin aure ba. Cire tabaran nan.” Na cire, amma sai da na yi ture-ture na kama gaban makarar, inda kyamara za ta fi ɗaukar fuskata (na riga na gaya wa abokaina na Rogo da Karaye su shirya ganina).

Umarnin ba wuya: kada a kalli kyamara, a yi tafiya a natse, ana kalmar shahada a hankali. Muka tafi aka mayar da mu, muka sake tafiya aka sake mayar da mu. A bayana akwai Malam Iro, aminin mahaifina, wanda aka sa a layi saboda farin gemunsa. Muna cikin tafiyar da ake fatan ita ce ta ƙarshe, gwangwala na cin kafaɗata, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ɗan nan, ka san nan ne gurbinka ranar jana'izar mahaifinka? Ƙaninka ne ya riƙe maka. Ta wannan hanyar muka bi da shi. Wallahi bai fi wannan nauyi ba, ciwo ya cinye shi.”

Ban san daga inda kukan ya taso ba. Ba irin na jarumai ba ne, wanda hawaye ɗaya ke gangarowa a hankali ana kiɗa. Ihu ne irin na maraƙin da aka raba da uwarsa, da majina da komai. Na zube ƙasa, makara ta karkace, tabarma ta zame, yadin ya warware, filo ya gangaro ƙasa da rigarsa mai zanen furanni. Ni kuma, ƙato da gemuna, na rarumo shi na rungume ina kiran “Baba! Baba!”

Matar da aka ɗauko takanas don ta yi kuka ta daina nata, ta saki baki tana kallona. Yara suka fashe da dariya. Darakta ya dafe kai yana cewa, “A tsaya! Wa ya kawo mana wannan?” Malam Iro ne ya ɓamɓare filon daga hannuna ya ja ni gida, shi ma yana share ido da bakin riga.

Ashe wani ya ɗauka a waya. Kafin kasuwar Rogo ta ci, sunana ya koma Marayan Filo. Samarin da na daɗe ina tsokana suka samu nama, har 'yan acaɓa ke rage gudu su tambaye ni ya haƙuri. Na shige ɗaki na daina fita sai masallaci.

Wata rana da yamma ina kwance, sai na jiyo ihuna yana tashi daga tsakar gida. 'Yar ƙanina ce ke nuna wa Inna a waya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kasa kunne ina jiran dariya, ban ji ba. Can Inna ta ce, “Sake sa mini.” Aka sake. Sai ta ɗaga murya: “Kai, wannan, fito.”

Na fito na durƙusa. Fuskarta sharkaf da hawaye, kuma wannan karon ni take kallo.

“Ashe yana ranka,” ta ce.

“Yana raina, Inna.”

“To me ya hana ka tun farko? Ka bar ni ina ta yi ni kaɗai.”

Ta gusa ta yi mini wuri a tabarmarta, ta ba ni labarin jinyarsa tun daga farko, abin da ba wanda ya gaya mini don kowa ya ɗauka ban buƙata. Ta ce har ya cika yana tambaya ko na taso. Nan muka sake sabon kuka, ni da ita, ba mai ba wani haƙuri.

Da fim ɗin ya fito na je gidan kallo na zauna can baya. An yanke ni tas, kafaɗata da rabin kunnena kawai suka fito. Da aka zo wurin jana'izar wani yaro a kusa da ni yana ja da hanci, na yi kamar ban ji ba.

Abin da na koya shi ne, idan kuka ya zo maka, yi shi a kan lokacinsa, a gaban wanda ke buƙatar ganinsa. Idan ka hana shi don a ce kai namiji ne, shi zai zaɓi ranarsa, kuma ba zai duba ko kana sanye da shaddar sallah ba.