Tulu Mai Kaba a Wuya

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda dawa kan yi tsawo har ta ɓoye bauna, akwai wani gadu mai suna Korau. Manomi ne na gaske, sai dai shekaru sun fara taɓa masa gwiwa. Ga shi damina ta yi kyau, ciyawa ta tashi a gonarsa kamar ita ya shuka, don haka ba shi da mafita sai ya kira gayya. A dajin nan kuwa kowa ya san ba zumunci kaɗai ke kawo 'yan gayya gona ba, har da burkutu. In na mai gona ya yi daɗi, baɗi kafin ya rufe baki an taru. In ya yi lami, ranar gayyarsa ta gaba kowa zai wayi gari da ciwon baya.

Korau ya san burkutu. Tun yana saurayi hancinsa ke bambance masa wanda tsironsa ya sha rana da wanda aka yi wa gaggawa. Irin wanda yake so shi ne mai launin makuba, mai ɗan kauri, wanda zaƙi ke gaba, ɗan tsami na biye, gardin dawa kuma ya zauna a maƙogwaro bayan an ajiye ƙoƙo.

Amma a 'yan shekarun nan harshen kowa ya daina isarsa, domin an kafa Majalisar Ɗanɗano. Wasu masu dahuwar burkutu biyu ne suka yi musu a kasuwa kan na wa ya fi, har aka fasa tuluna, shi ne dattawa suka naɗa waɗanda za su riƙa yanke hukunci. Duk tulun da majalisa ta yarda da shi, sai a ɗaura masa kaba a wuya. Ba a daɗe ba ya zama duk wanda ya shayar da baƙi daga tulun da ba shi da kaba, ɗan ƙauye ne.

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, ka je wurin Tabawa mana ka ɗanɗana. In ya yi maka, shi ke nan. Bakin nan naka bai taɓa yaudarar ka ba."

Korau ya ce, "Ke ba ki san inda zamani ya kai ba. Zomo ma, da gonarsa ba ta fi tabarma ba, mai kaba ya ajiye. Ni ne zan tara jama'a in fito da tulu wuyansa tsirara?"

Washegari da sassafe ya nufi kasuwa. Tabawa beguwa ce, tsohuwar mai dahuwa, kuma masu hankali da safe suke zuwa wurinta, domin in rana ta take takan ƙara ruwa, wai don kada ya yi wa jama'a ƙarfi. Ta ɗebo masa a ƙoƙo. Korau ya kurɓa, ya lumshe ido. Shi ne wanda yake nema, babu ragi.

Ya ce, "Iya Tabawa, hannunki bai tsufa ba. Ina kabarsa?"

Ta ce, "Kaba kuma? Wanda na kai musu tun kafin shuka har yanzu suna nazari. In kana da ƙafar zirga-zirga, ɗauki naka ka kai."

Korau ya sayi babban tulu, ya ɗora a kai, ya nufi gindin tsamiyar da majalisa ke zama. A ransa aikin hantsi ne, kafin rana ta yi zafi yana gida.

Shugaban majalisa gauraka ne, dogo, mai tukku kamar an taje shi da zinariya. Shi ba ya shan burkutu ko kaɗan, kuma saboda haka ma aka zaɓe shi, don kada ɗanɗano ya rinjayi hukuncinsa. A damansa akwai biri mai suna Mantau, wanda ya fi kowa iya sa wa abu suna. A hagunsa kura ce, Arzika, wadda aka ɗora wa nauyin shan.

Korau ya sauke tulu, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gayya gare ni, na kawo a duba mini."

Gauraka ya leƙa cikin tulun da ido ɗaya, ya sake leƙawa da ɗayan, sa'an nan ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, kafin mu ce burkutu ya yi daɗi, wajibi ne mu tabbata burkutu ne. Dokarmu ta ce burkutu ruwan ƙasa ne launinsa. To, wace ƙasa? Akwai jar ƙasa ta kan tudu, akwai baƙa ta fadama, akwai ta suri wadda ba ta nan ba ta can. In muka yi gaggawa yau, gobe wani zai kawo mana kunun kanwa ya ce a ɗaura masa kaba, mu rasa bakin hana shi. Ina ba da shawara a aika a ɗebo ƙasar kowane wuri, a jiƙa, a jera, a gwada."

Aka ce madalla. Mantau ya matso, ya kaɗa iskar bakin tulun zuwa hancinsa, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ina jin ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Ina jin hayaƙin itacen marke, da wani abu kamar kewar gida. Akwai ladabi a cikinsa, amma ban tabbata ko ladabin na gado ne ko na koyo ba."

Korau bai gane ba, amma abin ya burge shi. Shekarunsa nawa yana sha, bai taɓa sanin yana haɗiye ladabi ba.

Aka miƙa wa Arzika ƙoƙo ɗaya, ta ɗaga kai ta juye. Ta ce, "Ni ba mai yawan magana ba ce. A ƙara mini in tabbatar."

Gauraka ya ce doka ƙoƙo ɗaya ta yarda a zama guda, ya ɗage zama sai gobe.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, burkutu ba ya jira. Yau da gobe ne kwanansa."

Gauraka ya dube shi da tausayi ya ce, "Duk wanda ya zo nan haka yake cewa."

Haka Korau ya dinga sintiri. Ranar da aka kawo ƙasar fadama, ta tudu ta bushe, sai da aka sake jiƙa ta. Ranar da aka jera su duka, hadari ya rufe rana, aka ce ba a gwada launi a inuwa. Kullum in ya doso tsamiyar, hancinsa kan riga shi jin labari. Zaƙin ya tafi, gardin ya bi shi, kumfar da ke wasa a bakin tulun ta kwanta. Ya so ya yi magana, amma kowa a wurin fuskarsa a ɗaure take irin ta masu babban aiki, sai ya ji kunya.

Ana gobe gayya aka kai ƙarshe. Launin dai an daidaita a kan na suri. Aka ba Arzika ƙoƙonta, ta juye, sai kunnuwanta suka miƙe, hawaye ya cika mata ido. Gauraka ya jira ta nemi ƙari kamar kullum. Ta girgiza kai ta ce, "Ya isa."

'Yan majalisa suka dubi juna. Mantau ya tashi ya ce, "Ku shaida, tun da aka kafa majalisar nan ba a taɓa kawo abin da ya ishi Arzika a ƙoƙo ɗaya ba. Wannan ita ce gamsarwa. Abin da marasa sani za su kira tsami kuwa, mu a nan zurfi muke ce masa."

Aka ɗaura kaba, aka yi guɗa.

Da Korau ya isa gida ya ɗan taɓa a harshe, sai da haƙoransa suka yi ƙara. Ya zauna a bakin rumbu ya dafe kai. In ya ba bauna wannan, rabin gonar ma ba za a nome ba, kuma shi da gayya sai dai ya ji ana yi a gonar wasu.

Kande ta bar shi ya gama jimami, sa'an nan ta ce, "Maigida, da na ga zuwan naka ya yi yawa, na je na ce wa Tabawa ta ɗora mana sabo. Da sassafe za a sauke randa guda."

"Marar kaba? A gaban shugaban majalisa? Na gayyace su fa!"

"To, a mayar mata?"

Korau ya sosa ƙeya. Can ya ce, "A'a. A kai ta bayan surin da ke ƙarshen gona. In wani ya tambaya, ruwan wanke fartanya ne."

Gari ya waye, 'yan gayya suka cika gona: bauna da mazo da gada, su zomo da burgu, kowa da fartanyarsa. 'Yan majalisa suka zauna a inuwar gawo a matsayin manyan baƙi. Da rana ta take aka dakata, aka fito da tulu mai kaba, aka girka shi a tsakiyar sabuwar tabarma.

Bauna aka fara miƙa wa. Ya kai baki, ya tsaya cak, ya dubi kabar, ya dubi gauraka. Ya ce, "Kai! Wannan ba na shan gaggawa ba ne." Ya mayar da sauran cikin tulu da girmamawa. Mazo ya ce lallai akwai zurfi. Zomo ya ce irin nasa ne sak, har ma wannan ya ɗan fi nisa. Kowa ya jiƙa leɓe, kowa ya yaba.

Sai Kande ta ce, kamar ba da kowa take ba, "Wanda fartanyarsa ta yi laka, akwai ruwa a bayan suri."

Bauna, da yake ƙishirwa ta dame shi, ya ce bari ya je ko fuska ya wanke. Ya ɗan jima. Da ya dawo, waƙa yake yi, ya kama kunya biyu a lokaci guda yana nomewa. Mazo ya duba fartanyarsa ya ga ashe ta yi laka ƙwarai. Kafin a jima babu fartanyar da ba ta bukaci wanki ba, wata ma an dawo da ita ke nan sai a ga ta sake ɓaci. Arzika ta ce za ta je ta taya su. Mantau, da bai zo da fartanya ba, ya ari ta burgu.

Korau ma ya ɗauki tasa ya zagaya. Ya tarar da Mantau tsugune da ƙoƙo a baki, idonsa a rufe. Suka dubi juna, kowa ya kawar da kai.

Mantau ya goge baki ya ce, "Baba Korau, ruwan nan naku yana fitar da laka."

Korau ya ce, "Daga rijiyar Tabawa ne."

"Haba, shi ya sa."

Daga baya gauraka da kansa ya ce a matsayinsa na shugaba ya kamata ya duba tsabtar wurin. Ya dawo tukkunsa a karkace, yana gaida kowa sau biyu.

Rana ba ta faɗi ba aka gama gonar kaf, har aka shiga ta maƙwabci bisa kuskure. Gauraka ya hau kan kunya, ya nuna tulun da ke kan tabarma, wanda bai ragu da komai ba, ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan tulu. A da, in an ajiye burkutu, rububi ake yi kamar ba a taɓa gani ba. Yau ga shi an wuni da shi a tsakiyar jama'a, kowa ya ɗanɗana, kowa ya yaba, babu wanda ya yi masa haɗama. Wannan ita ce wayewar da muke ta fama a kanta. Korau, majalisa ta gode maka."

Korau ya durƙusa ya yi godiya, ya roƙi majalisa ta karɓi tulun kyauta, ta karɓa. Bauna ya dafa kafaɗarsa ya ce baɗi ko bai kira ba suna nan tafe. Kande tana can bayan suri tana kife randa, ko ɗigo bai zuba ba.

Har yau ba a taɓa jin wanda ya kushe tulu mai kaba a dajin nan ba, kuma duk yankin babu inda ake samun fartanyu masu tsabta kamar can.