Yadda Na Kusa Hana Surukaina Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Bodinga ba, kuma kada ku ce ban gwada mantawar ba. Na tsufa har nakan nemi hular da ke kaina, amma wannan rana tana nan daram. Wanda ya sake tono mini ita jikana ne, mai aikin kwamfuta a Sakkwato. Da ya zo gaisuwar Sallah na tambaye shi wane irin aiki ne wannan nasa da ba a yin zufa. Ya ce ƙa'idoji yake rubuta wa na'ura, a zuba mata takardu masu yawa ta rarraba su, kowace ta kai ta rukuninta, ta ƙidaya, ta faɗi sakamako. Na ce, "Karanta su take yi?" Ya ce, "To, Tsoho, ba karatu irin namu ba. Alamu take bi." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ai ni na riƙe wannan muƙamin tun ba a haifi ubansa ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina masinja a wani ɗan ofishin masu haƙa rijiyoyi, wanda ke kula da ƙauyukanmu har zuwa wajen Shagari. Ɗaki biyu ne da rumfa. Mu uku ne a ciki: shugaba, Malam Usman, mutumin Zariya da ya gaji kujerar Bature; akawu, Malam Bello; sai ni mai keke da kaki.

Iliminmu kuwa, bari in faɗi gaskiya tunda yanzu ba mai kora ta. Na yi allo har izu biyu, ina iya bin ajami da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Boko kuma na zauna ajin yaƙi da jahilci mako uku. Da na iya sa hannu sai na ga ai sauran maimaici ne, na daina zuwa. Amma ranar da za a ɗauke ni aiki aka ce masinja sai mai karatun boko, ni kuma na ce na iya. Daga nan na saya wa kunnena fensir, na samo tsohuwar jarida ina yawo da ita a hammata. (Jarida guda ce, ta yi shekara biyu tare da ni, har ta ɗauki warin jikina.) Malam Bello kaɗai ya san sirrin, shi kuma mutumin kirki ne, yakan ce, "Kai wannan gidan alƙali," in kai, ba wanda ya ji.

Matata Hassi 'yar Horo Birni ce. Mahaifinta ba zan rubuta sunansa ba, ko yanzu da ya daɗe da rasuwa hannuna ba zai iya ba. Wata rana na je gaishe su, na tarar rijiyar garin ta rufta gefe guda, mata suna tafiya mai nisa kafin su sami ruwa. Na zauna da ƙannen Hassi a bakin zaure ina ba su shawara irin ta manyan ma'aikata. Na ce zamani ya canza, ofis yanzu boko yake ji, takardar ajami sai ta yi wata a ƙasan akwati. Na ce su rubuto da boko, kowace unguwa ta dangwala hannu, ni ne mai buɗewa. Ba a gaban surukina na faɗa ba, ina ni ina, amma na ɗaga murya yadda zana ba zai tare ta ba. Na hau keke na dawo, na manta da zancen.

Sai kurkunu ya fito wa Malam Bello a ƙafa, ya kwanta. Takardu suka yi ta zuwa ta hannun 'yan kasuwa da direbobin lori, ni kuma ina karɓa ina cusa su cikin buhu, ina addu'ar ya warke.

Ranar Litinin da safe Malam Usman ya kira ni. Ya ce siminti da ƙarafan da aka aiko na rijiya ɗaya ne tak kafin damina. Jibi Laraba dagatai za su taru, za a ba garin da ya fi yawan masu roƙo. Shi zai tafi duba aikin da ake yi a daji, sai Larabar zai dawo.

"Ka zazzage buhun nan," in ji shi. "Ka ware su gari gari. Ka fitar da na neman rijiya daban, ka ƙidaya mini masu dangwale. Ai za ka iya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ai ƙaramin aiki na."

Yana fita na hau keke. Na garzaya gidan Malam Bello, na same shi zazzaɓi ya rufe shi, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke. Na gaishe shi ya amsa da sunan wani. Na dawo ofis na rufe ƙofa, na zazzage buhun a tabarma, na zauna ina kallon takardu suna kallona. Na yi tunanin kai su wajen malamin makarantar Bodinga, sai na tuna matarsa da Hassi a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, kafin la'asar garin duka ya ji. Kakin nan kuwa shi ne mutuncina. Da shi aka ba ni Hassi.

Can wajen azahar dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin ba ƙaramar dabara ba ce. Shekara biyu ina ɗaukar takardu, na san hannun kowa kamar yadda makiyayi ya san sawun shanunsa. A duk yankin nan mutum uku ke rubuta wa jama'a boko. Akwai malamin makarantar Shagari, mai shuɗin tawada da takardar da aka yago daga littafin 'yan makaranta. Akwai malamin asibiti na nan kusa da mu, takardarsa ko ido rufe ka san ta, warin aidin take yi. Sai wani tela na Dandin Mahe, mai rubutu da fensirin nan da ake lasa ya koma ruwan goro mai duhu, shi ba ya sa takarda a ambulan, ninkewa yake ya bi bakinta da keken ɗinki.

Sai na kafa wa kaina ƙa'ida, ina maimaita ta kamar hadda. Ajami gefe guda, wannan zan lallaɓa in karanta. Shuɗin tawada, Shagari. Warin aidin, ƙauyukan Bodinga. Mai ɗinki, Dandin Mahe. Daga nan kowace in buɗe in duba ƙasa: in dangwale ɗaya ne, mai neman aiki ne ko mai ƙara, in kuwa yatsu sun yi layi, rijiya ake nema. Kowane yatsa in jefa masa tsakuwa guda a kwano. Kwano huɗu na aro wajen mai tuwo.

Wallahi aikin ya tafi kamar ruwa. Ina farke ɗinki, ina shinshina, ina jefa tsakuwa. Kafin la'asar ta Talata na gama. Kwanon Dandin Mahe ya cika har yana zuba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cikin na ajami babu ko ɗaya daga Horo Birni. Na juya su sau uku. Babu.

Da na koma gida Hassi tana tankaɗe ta ce, "Maigida, Baba ya aiko a tambaya ko takardunsu sun iso."

Na ce, "Waɗanne takardu? Danginki sun yi sakaci. Ko layi guda ba su aiko ba."

"Ya ce sun aiko da yawa."

"Ni da ke cikin ofis, ko ke da ke gindin turmi?"

Ta ci gaba da tankaɗe. (Ta rayu shekara arba'in bayan wannan, kuma duk gardamar da muka yi da wannan tambayar tawa take rufe ta.)

Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi. Dagatai suka zo da dattawansu. Ina fitowa da kwanonin na hango surukina zaune bayan dagacin Horo Birni, da farar rigarsa ta Juma'a. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe kamar yadda aka saba. Amma na ga yadda ya gyara zama. Alfahari yake yi da ni.

Malam Usman ya iso da ƙura a takalmi, ya dubi tsibin takardu huɗu, kowanne da dutse a kansa da kwano a gabansa. Ya ce, "Madalla." Na faɗi sakamako da murya irin ta mai shela. Ya juya ga jama'a ya ce, bisa ga ƙidaya, rijiyar bana ta Dandin Mahe ce.

Ba wanda ya yi godiya. Dagacin Dandin Mahe ya dubi na kusa da shi, ya dubi sama, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, mun gode ƙwarai. Sai dai mu ba mu biɗi rijiya ba. Tamu lahiya lau take, bara anka yashe ta."

Dagacin Horo Birni ya ce, "Mu kuwa, ranka shi daɗe, babu gidan da bai dangwala ba. Har yatsunmu sunka yi baƙi."

Zufa ta fara bin bayana tana shiga wando. Malam Usman ya zaro takarda ɗaya daga babban tsibin, ya miƙo mini. "Karanta mana wannan mu ji."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Mai hankali da ya faɗa. Ni kuwa na karɓa, na gyara fensirin kunnena, na yi gyaran murya, na ɗora yatsa a layin farko. Na sha jin Malam Bello yana karanta irinsu, na san yadda suke tafiya.

"Daga jama'ar Dandin Mahe," na fara, "zuwa ga shugaban rijiyoyi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, muna sanar da kai ƙishirwa ta dame mu, mu da dabbobinmu." Yatsana yana tafiya, bakina yana tafiya. Har na ƙara da cewa jakuna biyu sun mutu. Ban san inda na samo jakunan ba.

Dagacin Dandin Mahe ya ce a hankali, "Jakunan wa?"

Malam Usman ya miƙo hannu na ba shi takardar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya karanta sunan surukina cikakke, na Horo Birni. Ya karanta bayanin rijiyar da ta rufta. Sannan ya zo layin ƙarshe, ya ɗan tsaya, ya karanta: "A ba mijin ɗiyata, masinjan ofis, shi ya iya boko, shi zai karanta wa shugaba da bakinsa."

Na ji kukan kurciya a kan bedin nan kamar a cikin kunnena take. Ashe shawarata suka bi. Ba mai boko a garinsu, sai suka riƙa zuwa kasuwar Shagari, inda telan Dandin Mahe ke kafa kekensa ranar kasuwa, yana rubuta musu yana ɗinkewa. Duk tsakuwar da na tara wa Dandin Mahe yatsun surukaina ne. Har da na tsohuwar da ta haifi Hassi.

Ban iya ɗaga kai ba. Ina kallon takalmin Malam Usman ina jiran ya ce in tuɓe kaki. Sai na ji muryar surukina, mutumin da tun da na auri 'yarsa bai taɓa yin magana a kaina ina wurin ba.

"Ranka shi daɗe, a yi mai afuwa," ya ce. "Muryar karatun dai ya iya ta. Saura karatun."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, irin ta dattawa ce, cikin rawani. Na fi son a ce bulala aka yi mini.

Malam Usman ya zauna a tabarma ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ni ina durƙushe ina miƙa masa. Aka ba Horo Birni rijiyarsu. Da jama'a suka watse ya ce in bayyana masa yadda na yi. Na faɗa masa komai, har da shinshinar.  Ya ce sauran tsibi ukun babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Bai kore ni ba. Ya ce daga ranar, kullum bayan la'asar in koma ajin da na gudu, in kuma ya sake ganin fensir a kunnena kafin in iya karanta takardar surukina daga farko har ƙarshe, to in ajiye keke in tafi. Wata bakwai na yi kafin na karanta ta. Wannan da kuke karantawa ma da hannuna na rubuta, shi ya sa layin yake hawa tudu.

Surukina bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Sai dai duk lokacin da na je Horo Birni, yakan sa a kawo mini ruwan rijiyar nan a ƙwarya, in na kafa kai ina sha sai ya ce wa na kusa da shi, yana kallon gefe, "Ruwan Dandin Mahe na. Daɗi gare shi."

Don haka na ce wa jikana, ban raina na'urarsa ba, ni ma uku cikin huɗu na ci. Amma duk ranar da ta cika masa kwano har yana zuba, kada ya yi saurin kai wa shugaba. Ya zaro takarda ɗaya ya karanta da idonsa tukuna. Ita na'ura in ta yi kuskure ba ta da suruki zaune a tabarma. Shi yana da shi.