Yadda Shagon Turare Ya Koma Ban-ɗaki

Ni takalma nake sayarwa a wani benen shaguna a Funtuwa, shekara shida ke nan. Abin da zan ba ku a gabana aka yi shi, don haka kada wanda ya ce na ƙara gishiri.

Mai benen, Alhaji Barau, ya je yawonsa na ƙasashen waje ya dawo mana da sabon salo. Ya ce a cire duk ƙwayayen lantarkin ginin a sa masu wayo. Wasu samari suka zo daga Abuja da tsani da kwalaye, suka kwana uku suna ɗaurawa. Kowane ƙwai sai da aka raɗa masa sunan wurinsa: wannan na shago na bakwai, wannan na matakala, wancan na masallaci. Suka zana taswirar benen a cikin wata faffaɗar waya suka danƙa wa manajanmu, Hashimu. In ya taɓa shago na bakwai a taswira, fitilar shago na bakwai ta kama. In ya ga dama ya rage mata haske, in ya ga dama ya kashe hawa guda yana zaune yana kurɓar shayi. Mako guda Hashimu bai ajiye wayar nan ba. Ko alwala zai yi, tana maƙale a hammatarsa.

Abin da 'yan Abuja ba su sani ba shi ne halinmu. Mu a nan, in mutum zai sauya shago, ya kwashe kaya, ya naɗe tabarma, abu na ƙarshe sai ya taka kujera ya kwance ƙwansa ya jefa a aljihu. Haka muka taras ana yi tun iyaye. Ga kuma aro. Maƙwabcinka ya yi tafiya, kai kuma kana son ƙarin haske, sai ka ari nasa kafin ya dawo. Ƙwayayen nan kuwa duk kamarsu ɗaya, farare fes, babu lamba babu alama. Shi kuma ƙwan, duk inda ka kai shi, sunan da aka raɗa masa ranar farko shi kaɗai ya sani.

Bayan ƙaramar salla mutane da yawa suka yi musayar shaguna. Ba a yi wata biyu ba komai ya dagule. Hashimu ya taɓa matakala, wuta ta ɗauke a kan wanzami yana tsakiyar yi wa mutum gyaran fuska. Ya kashe ɗakin ajiya, masallaci ya yi duhu ana raka'a ta biyu. Ya kunna ofishinsa, sai ka ji mai gyaran agogo daga hawa na uku yana cewa, "Allah ya saka da alheri!"

Ran Hashimu ya ɓaci. Ya kira mai walda ya sa aka yi wa kowane ƙwai kejin ƙarfe, aka like shi ƙam da silin, ɗari da arba'in cif. Sai da mai walda ya naɗe wayoyinsa ya hau babur ya tafi, sannan wanzamin nan ya ce, "Manaja, to ka mayar da kowane ƙwai gurbinsa kafin a rufe?"

Wallahi na ji tausayinsa a lokacin. Ya juya ya koma ofis.

Ya buga wa 'yan Abuja. Suka ce sauya sunayen abu ne mai sauƙi, amma sai da lambar sirri, kuma mai riƙe da lambar ya tafi Umara, sai nan da mako uku. Ga shi ranar Asabar Alhaji Barau zai zo da manyan baƙi ya nuna musu ginin da ke jin magana. Yanke keji kuwa sai an sanar da Alhaji, kuma Hashimu ya fi son ya haɗiyi wayar a kan ya yi hakan. Ya yi tunani na yini guda, ya fito yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce tunda ƙwai ya ƙi bin ƙofa, to ƙofa ce za ta bi ƙwai. Ya kira mai fenti.

Haka suka bi ginin hawa-hawa. Hashimu ya taɓa taswira, duk inda fitila ta kama, mai fenti ya goge tsohuwar lamba ya rubuta sabuwa. Shagona na tara ya zama na talatin da ɗaya. Na yi 'yan gunaguni na haƙura, ai takalmi bai san lamba ba. Mai gyaran agogo ya wayi gari an rubuta masa "Ofishin Manaja", har yau hularsa ba ta koma daidai ba.

Sai aka zo kan Malam Ilu.

Malam Ilu dattijo ne mai sayar da turare a shago na goma sha biyu, kusa da ni. Shekararsa talatin a sana'ar. Almiski, humra, turaren wuta, tun daga matakala hancinka zai kai ka wurinsa. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, mai ƙarancin magana, farar rigarsa ko ƙuda na jin kunyar sauka a kai. Bai taɓa kwance ƙwan kowa ba. Ya dai je ta'aziyya ƙauyensu ya bar wa wani maƙwabci mabuɗi, maƙwabcin ya ari ƙwansa, wani ya ara daga wurin maƙwabcin. Da aka ji Malam na hanya, sai maƙwabcin ya ruga ya kwanto na ban-ɗakin maza ya ɗaura masa. Nasa na asali kuwa ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya ƙare a ban-ɗakin. Maƙwabcin nan ba zan faɗi sunansa ba, takalma dai yake sayarwa.

Mai fenti ya rubuta "BAN-ƊAKIN MAZA" a ƙofar Malam Ilu da jan fenti, har ya ƙara da zanen buta don waɗanda ba su yi boko ba. A ƙofar ban-ɗaki na gaskiya, can ƙarshen baranda, ya rubuta 12.

Mu 'yan gida mun san dawan garin, amma bene ne na kasuwa, kullum cike yake da baƙi. Mutum zai taho da sauri yana riƙe da mazagin wando, ya banko labulen Malam Ilu, ya ga dattijo zaune cikin kwalabe, ya ce, "Au, da mutum, yi haƙuri," ya koma waje ya tsaya jira. Wata hajiya da aka kwatanta mata shago na goma sha biyu don sayen humrar biki ta je ta tura waccan ƙofa, ta fito tana toshe hanci, ta ce ita dai ba a taɓa yi mata irin wannan wulaƙanci ba. Ciniki ya tsaya cak. Ga shi shagon ba taga, kuma ƙwan ban-ɗaki an saita shi ya mutu bayan minti biyar in ba a sake shigowa ba. Sai ka ga Malam ya fita ya sake shigowa shagonsa, kamar mai neman wani abu da ya manta. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ranar Asabar da hantsi, saura awa guda Alhaji ya iso, Hashimu ya shigo shagon da wayarsa. Na bi bayansa na raɓe a bakin ƙofa. A waje mutum huɗu na tsaye da butoci, ɗaya har yana ɗaga ƙafa yana saukewa.

Hashimu ya ce, "Baba, wata 'yar alfarma na zo nema. Ka kwashe kayanka ka koma shagonka."

Malam Ilu ya ce, "Ina ne shagona?"

"Na goma sha biyu mana. Ga shi nan a taswira, ƙarshen baranda. Fitilarsa lafiya lau take kamawa, yanzu na gwada."

"Can da ake shiga da buta?"

"Baba, wannan a da ne. Yanzu tsari ya sauya. In Alhaji ya taɓa ban-ɗaki fitila ta kama a nan, baƙi suka leƙo suka ga kwalaben turare, me zan ce musu? Mako uku ne kawai. Kuma kai ma ka duba, in akwai wanda wurin can yake buƙata, ai mai turare ne."

Malam ya dube shi, ya ce, "Hashimu, ka buɗe hancinka. Nan ina ne?"

"Ni ba da hanci nake aiki ba, da na'ura nake aiki. Na'ura ta ce ban-ɗaki, ƙofa ta ce ban-ɗaki, ga jama'a a waje su ma sun ce ban-ɗaki. Kai kaɗai ne ka ce shago."

Daga nan Hashimu ya buɗe baki. Ya kawo zancen ci gaba, ya kawo yadda ake yi a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Ya ce irin su Malam ne ke mayar da ƙasa baya, ya ce in bai tashi da girma da arziki ba zai sa masu gadi su fitar masa da kwalabe baranda. Yana yi yana zufa, yana nishi, jijiyar wuya ta miƙe. Yana cikin haka minti biyar suka cika, fitila ta ɗauke ɗif. Ɗaya daga cikin masu jira ya ƙwanƙwasa ƙofa da gindin buta ya ce, "Haba bayin Allah, ku ji tsoron Allah mana!"

Cikin duhun nan muka ji muryar Malam Ilu a natse. Ya ce, "To ranka ya daɗe, na yarda ban-ɗaki ne. Tunda ka gama sauke abin da ya kawo ka, fita ka ba na bayanka wuri."