Ranar da Kafinta Ya Hau Keken Kakarsa

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙugun? Har yanzu yana ƙara irin ta tsohuwar ƙofa?"

"Ƙugun ubanka! Mijin banza, sai yau ka tuna hanyar gidan?"

Kafinta ya yi dariya ya dire akwatin kayan aikinsa. Wata tara ke nan kakarsa tana kan keken guragu, tun da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Matakala huɗu ne kacal a ƙofarta, amma su suka kulle ta a gida. In za a je asibiti sai ƙarti biyu sun cicciɓe ta kamar buhu, abin da ta tsana ke nan a rayuwarta. Shi kuwa gogan, shi da abokansa uku, duk Asabar sukan yi wa masu keke gangarar katako a ƙofar gida, kyauta. Gida goma sha ɗaya suka yi. Na kakarsa sai yau, abin kunya!

Kafin azahar sun buga ƙusar ƙarshe. Ya karkaɗe hannu yana ƙafafa.

"Fito ki ga aiki, tsohuwa. Titi har bakin ɗakinki."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani." Ta turo keken ta leƙa, ta taɓe baki. "Wannan gangara ce ko hanyar lahira? Gadona kake wa sauri, ja'iri?"

"Wane gado? Haƙori biyu da rediyon da sai an mare shi yake magana?"

"Haƙoran nan sun tauna naman da ko a mafarki ba ka gani ba. Na ce ta yi tsaye da yawa."

"Da awo na yi ta. Ke me kika sani a katako ban da muciya?"

"Da muciyar na gyara ubanka. To mai awo, gani ya kori ji. Zo ka hau."

Ya so ya zille, amma abokan sun riga sun fara ihu. Suka mayar da Kaka kan kujera, suka tura masa keken. Ya zauna yana murmushin ƙarfin hali, har da ɗaga mata hannu.

"Kalli yadda maza suke..."

Bai ƙarasa ba. Keken ya kwashe shi fuuu, ya tsallake bakin gangarar, ya je ya kife da shi a tulin yashin maƙwabci. Takalmi ɗaya gabas, hula yamma. Kaka ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa.

"Sannu, angona! Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A kira masa ƙarti biyu su cicciɓo shi!"

"Keken naki ne ba birki," ya ce yana tofar da yashi.

"To hauro mu gani. Kar wanda ya taɓa shi!"

Ya koma kan keken a gindin gangarar, ya kama tayoyin ya danna. Ya kai rabi, keken ya dawo da shi baya. Ya sake, jijiyar wuya ta miƙe, gumi ya keto, ya kuma zamewa. Ƙato guda mai ɗaukar katako a kafaɗa! Ya dubi hannuwan kakarsa, sirara, suna kan cinyarta, sai kunya ta rufe shi.

"Ai na ɗauka za a riƙa tura ki ne," ya ce a hankali.

"Wa ya ce maka mai turi nake nema? Wata tara ina kiran mutane, a ɗauko min, a miƙo min, a kai ni. Na gaji da kira, ɗan nan. So nake in fita ba wanda ya sani."

 Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya miƙe ya ɗauki guduma.

"Ku ɓalle ta. Mu ninka tsawonta, ta bi jikin bango."

Sai bayan la'asar suka gama. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya hau, da kansa ya hau ya sauka sau uku. Aka mayar da Kaka kan kekenta. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yi bisimilla, ta saki taya a hankali. Ya zabura ya kama keken ta baya.

Ta make masa hannu.

"Cika min keke! Yau samarin unguwa za su gan ni, ka shiga uku."

"Wa zai kwashi wannan kaya?"

"Tsaya nan ka ƙirga su."

Ya cika yana dariya, idonsa ya ciko.

"Na sallama, Kaka. Sai ina?"

Ta riga ta sauka titi, tana tura tayoyinta, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ina ruwanka?"