Ginshiƙin Ƙasa Ya Share Dokar Ta-ɓaci

Duk wanda bai san Ginshiƙin Ƙasa ba, a yi masa uzuri, baƙo ne. Mutum ne mai aƙida guda tak, wato aƙidar wanda ke kan mulki. Zamanin dokar ta-ɓaci shi ya riƙa yi wa kundin tsarin mulki aski, yau a rage wa kotu iko, gobe a ɗage zaɓe. Aka saka masa da kujerar majalisa ta dindindin, ba zaɓe ba yawon neman ƙuri'a.

Da gwamnatin ta faɗi, kafin a gama sauke hotunan tsohon shugaba Ginshiƙi ya riga ya zama ɗan gwagwarmaya. "Mu da muka sha wuya," haka yake buɗe kowace magana, yana shafa tumbin da wuyar ta bar masa.

Ranar da za a maido da kundin yadda yake a da, shugabar majalisa ta ce a bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, a karanta kowanne da sunan wanda ya kawo shi kafin a soke. Nan fa Ginshiƙi ya tuna sunansa ne a kan akasarinsu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, wa ke tsayawa tantance shara? A kwashe duka a zubar! Duk abin da wancan baƙin zamani ya haifa, kada a bar ko wasali!"

Zaure ya ɗauki tafi. Tafin ya hau masa kai, ya ƙara da cewa sokewar ta fara aiki nan take. Da aka zo ƙuri'a, hannunsa ya fi na kowa tsawo.

Yana shirin zama sai shugabar ta gode masa, ta tuna masa cikin ladabi cewa kujerar dindindin ma wancan zamanin ne ya haife ta. Baƙi kuwa, in ji ta, wurinsu bencin 'yan kallo.

Ya so ya yi bori, amma a bakin ƙofa 'yan jarida suka yanyame shi, wai ga gwarzon da ya sadaukar da kujerarsa.

"Ai ƙasa ta fi kujera," ya ce, kamar mai ciwon haƙori.

Har takardar yabo majalisa ta ba shi. A tsaye ya karɓa, a tsaye ya jira aka tashi taro.