Tabliyar Casib Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda zargi ma ya samu wurin zama a gefenta, iyalan Casib mai hawan dabino, wanda aka fi sani da Abu Najim, na unguwar bakin kogi a Abul Hasib, suna sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da masu gonaki rasuwar tabliyarsa, wato igiyar da yake hawa da ita. An tsinci gawarta ne a rataye a ƙusarta, an raba ta biyu. Ba tsinkewa ta yi ba. Yanka ta aka yi.

Mai shayin bakin kasuwa ya ce tun yana yaro yake ganin marigayiya a kafaɗar Casib, har ya ɗauka tare aka haife su. Masu gonaki sun shaide ta da cewa ba ta taɓa barin dabinonsu ya ruɓe a sama ba. Game da shi Casib kuwa, abin da ake faɗa ba shi da yawa, domin shi ma bai ba mutane da yawa ba. An ce in ka gaishe shi da hantsi, ka je ka dawo da azahar ka karɓi amsa. Maƙwabcinsa Ubayyid, wanda shi ma mai hawa ne, kuma bakinsa ba ya hutawa, ya ce Casib ya fi hira da bishiya a kan mutum, kuma ko ita ma rabin hirar gyaran murya ce.

Wannan rashi bai tsaya a kan igiya ba. Tun washegarin ranar da abin ya faru, Najim, ɗan Casib namiji tilo, ya daina cin abinci a gidan ubansa, ya koma kwana a bukkar gona, ya kuma karɓi aikin gyaran itatuwa a wani kamfani can nesa, da niyyar tafiya da zarar an gama girbi. Saboda haka ne aka jinkirta wannan sanarwa, kuma saboda haka ne za ta ɗan yi tsawo.

An haifi marigayiya a hannun wani tsoho mai tufka, wanda ya riga ta tafiya da daɗewa. Da zaren jikin dabino ya tufka ta, ya saƙa mata faffaɗan baya da ke rungumar ƙugun mai hawa, ya sa mata guntun itace da ke kulle ta in ta zagaye bishiya. Dabino ya haife ta, dabino ta yi wa bauta har ƙarshe. Da ita aka sare busassun rassa, da ita aka kankare ƙaya, da ita aka kai furen namiji ga mace lokacin ɗaurin auren dabino, da ita aka sauke nonnan dabinon da suka nuna a hankali kamar ana sauke jariri daga goyo.

Ba ta da yawan magana, ta yi gadon maigidanta. In ya cilla ta sama a jikin bishiya sai ta ce "kwas", in ya jingina nauyinsa sai ta ce "ƙiiƙ". Da waɗannan kalmomi biyu ta ciyar da gida, ta aurar da 'ya'ya mata, ta sa wa ɗaki rufi. Waɗanda suka yi zama da ita sun riƙe wasu darussa daga gare ta, kuma iyali sun ga ya dace a ambace su ko wani zai amfana. Ba a hawa da takalmi, domin tafin ƙafa ne idon mai hawa. Ba a hawa in raɓa ba ta bushe ba. Ba a hawa da fushi, ko da yunwa, ko don a nuna wa wani. Lada kuma a ƙasa ake yanke shi, a kan kowace bishiya, kafin a ɗaga ƙafa, domin mai gona in ya gan ka a sama sai ya tuna cewa bana kasuwa ba kyau. Sabon shiga kuwa gajeriyar bishiya yake fara bi, ya daɗe yana binta, har sai ƙafarsa ta daina tambayarsa inda za ta taka. Kuma tabliya ba a aronta. Mutum ya ara maka jaki, ya ara maka kwale-kwale, amma ba ita ba.

Ta rasu ta bar lauje, abokin tafiyarta, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin gado ba ya kula kowa. Ta bar kwando mai ɗinki uku, da dutsen wasa wuƙa, da wani baƙin tabo da ta zana a gadon bayan Casib, wanda ba zai goge ba sai ranar da aka yi masa wanka na ƙarshe.

Game da jinyarta, iyali ba za su ɓoye ba: ta daɗe ba ta da lafiya. Gashi ya fara tashi a jikinta wajen da take gogar bishiya, kuma "ƙiiƙ" ɗin nata ya fara ja kamar tarin tsoho. Wanda ya fara faɗa shi ne Najim, bayan ya dawo daga wani horo da aka yi wa masu hawa a Basra. Ya dawo da hular kwano, da sabon maɗauri na roba mai ƙugiyoyin ƙarfe, da igiya ta biyu da ake ɗaurawa don ko ta farko ta ci amana. Ya sayo wa ubansa irinsa, ya ajiye masa a gabansa.

Casib ya taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa, ya ce, "Wannan linzamin na wane doki ne?"

Najim ya ce, "Naka ne, Baba. Waccan ta gama aikinta. Ka murza ta ka gani, gari take zubarwa."

"Shi wanda ya koya muku hawa a jikin allo, ya taɓa cire ƙaya a ƙafarsa?"

"Ɗan mai hawa ne, Baba. Ubansa daga sama ya faɗo, da tabliya irin taka a ƙugunsa."

Casib ya ture maɗaurin gefe da ƙafa. Najim kuwa, da zafi ya ɗebe shi, ya ce, "Wallahi wata rana sai na yanka ta na huta!" Ya faɗa a tsakar gida, kuma katangar gidan ba ta da tsayi.

Ana cikin haka, wata Juma'a Casib ya dawo daga masallaci ya tarar da abin da ya tarar. Bai yi ihu ba. Ya sauke ta, ya shimfiɗa ta a tabarma, ya zauna yana kallon bakin yankan har shayinsa ya huce.

Akuyar gidan aka fara zargi, domin tana da tarihi. An wanke ta, saboda akuya ba ta yanka abu sumul, kuma ba ta mayar da shi ƙusa in ta gama. Sai zargi ya koma kan Ubayyid, wanda ya shigo yin gaisuwa tun kafin a gaya wa kowa.

Casib ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Ubayyid ya ce, "Fuskarka, Abu Najim. Na hango ta daga kan bishiyata, na ce yau ko dai an yi mutuwa ko an yi maka dariya."

Wannan amsa ba ta gamsar ba, amma an bar ta a ajiye, domin Casib ya ga wani abu a jikin gawar. Mai aiki da dama in ya ja wuƙa a kan igiya, yankan daga dama yake gangarowa. Wannan daga hagu ya gangaro. Ya sami tsohuwar igiyar rijiya ya gwada, ya sake gwadawa, bai samu saɓani ba. A duk masu hawan unguwar kuwa, bahago ɗaya ne, kuma kowa ya san shi, domin tun yana ƙarami ake tsokanarsa cewa ta baya yake zagaya bishiya.

Washegari a wurin mai shayi, ana cike, Casib ya ajiye guntayen biyu a kan benci a gaban ɗansa. Mutumin da ba ya magana, ranar ya yi. Ya ce, "Ku duba aikin ɗan makaranta. Ya ce zai yi, ya yi. Wanda ya yanka igiyar ubansa tana rataye, me zai hana shi yanka ta uban yana sama?"

Cokula suka daina kaɗawa. Najim ya miƙe ya ce, "Ba ni ba ne, Baba." Ya biya kuɗin shayinsa da na ubansa, ya fita.

Daga nan gidan ya zama gidan makoki na gaske. Casib ba ya aron tabliya, ba zai kuma taɓa ta roba ba, don haka ya zauna a gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna a zaure, ya koma inuwar rumfa, a ƙarshe ya ja kujera kusa da tanderu, inda matarsa Fakriyya take gyaran kifi. Yana kallo ba don yana gani ba. Can sai ya gani. Ta danne kifin da dama, ta ja wuƙar da hagu, yankan ya gangaro daidai yadda ya san shi.

Da dama take cin abinci. Da dama take zuba masa shayi, da dama take gaisawa da mata. Amma wuƙa, ashe, ba ta taɓa yarda ba.

Ya ce, "Ummu Najim, yaushe kika zama bahaguwa?"

Ta ce, "Tun ranar da aka haife ni. Uwata ta gyara na cin abinci da muciya, na wuƙa ya gagare ta. A ina kake tsammani ɗanka ya samo? A wurin akuya?"

Ya ƙara jawo kujerarsa kusa. Ta ɗauki wani kifin.

Ta ce, "Kada ka wahalar da kanka, ni na yanka ta. Duk yamma in ka rataye ta sai na share gari a ƙarƙashinta. Yaro ya faɗa maka, ka mayar da shi abin dariya. Na ce gara ka yi zaman makokinta da in yi maka takaba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni? Ka tuhumi akuya, ka tuhumi maƙwabci, ka tuhumi ɗanka a gaban kasuwa. Ni da nake gidan ko ka dube ni. Na so in faɗa tun ranar, ɗanka ne ya rantsar da ni. Ya ce gara fushinka ya sauka a kansa. To ni rantsuwata ta ƙare jiya da na ga ya ɗaure jaka. Matsa, kana tare mini haske."

Iyali suna sanar da cewa an rufe bincike a nan, kuma ba za a ɗauki mataki a kan wadda ta aikata ba, saboda dalilai da suka haɗa da cewa ita ce ke dafa abincin sadaka. Sai dai Casib ya nemi a rubuta cewa har yanzu bai gamsu da yadda Ubayyid ya samu labari da wuri ba. Ya kuma nemi a rubuta cewa bai yarda da maɗaurin roba ba, domin abin da ba ya yin ƙara ba a san abin da ke ransa ba. Ya dai yarda zai gwada shi a gajeriyar bishiya, ranar da ba kowa a gonar.

Za a binne marigayiya ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin doguwar bishiyar dabinon nan irin barhi ta ƙarshen gonar gado, wadda ta fi kowace bishiya sanin ta. Ba za a yi salla ba, liman ya riga ya ja kunne tun kafin a tambaye shi. Za a raba shayi da dabino da shinkafa da kifi. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da tambaya, kada kuma su zura wa hannun uwargida ido. Masu tsofaffin tabliyoyi kuwa, su murza nasu kafin su fito, in sun ga gari su taho da su, ramin zai isa.

Najim ne zai haƙa ramin, shi ne kuma zai sa ta a ciki. Ya dawo cin abinci a gida. Batun tafiya bai ce komai ba tukuna, amma uwarsa ta kwance jakar a gabansa, bai hana ta ba. Waɗanda suka ji abin da aka faɗa a wurin mai shayi suna da haƙƙin jin sauran, don haka ga yadda aka yi.

Da Casib ya tashi daga gefen tanderu, gona ya nufa. Ya tarar da Najim a can ƙololuwar wata doguwar bishiya yana sauke nonna, ga masu hawa a bishiyoyin kewaye, kowa da laujensa, Ubayyid a cikinsu. Casib ya tsaya a gindi. Ya ɗaga hannu zuwa kafaɗarsa bisa sabo, bai samu komai ba. Da a da ne, da ya hau ya faɗa masa a kunne, su biyu da tsuntsaye.

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Sauko, ina da magana."

Najim ya leƙo ta cikin rassa ya ce, "Ina tsakiyar aiki, Baba. Faɗi daga nan."

Casib ya waiga dama da hagu, ya sunkuyar da kai, ya faɗi wani abu da ko tururuwar gindin bishiyar ba ta ji ba.

"Ban ji ba! Iska ta yi yawa a nan sama!"

Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Laujuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ubayyid ya gyara zama a cikin tabliyarsa ya ce, "Ɗaga murya, Abu Najim, mu ma nan ba mu ji ba!"

Casib ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya cire rawaninsa ya rataya a kafaɗa, ya ɗaga kai, ya kewaye bakinsa da tafukansa biyu, har masu wanki a bakin kogi suka juyo.

"Najim! Ba kai ba ne! A gaban mutane na zalunce ka, to ga mutane, su ji! Ka yafe mini, ɗana!"